Gajimaren Malam Ƙamus

Shekara talatin da ɗaya Malam Ƙamus ya yi yana koya wa 'yan sakandare yadda Turanci ke yi wa ƙolin dutse ado idan gajimare ya rufe shi. Akwai kalmar da ke yafa masa mayafi, akwai mai kafa masa hula, akwai mai ɗora masa kambi. Wadda ya fi so kuwa a likkafani take naɗe dutsen. Shi kansa bai taɓa hawa abin da ya wuce benen makarantar ba, kuma dutse ɗaya ya sani, na jikin tsohuwar kalandar falonsa.

Da ya yi ritaya sai gajimaren ya biyo shi har gida, yanar ido ta fito masa a idanun duka biyu. Kujeru suka ja da baya suka zama tsaunuka. Matarsa idan ta gifta, sai ya ga kamar wani tudu ne ya gaji da zama ya tashi yawo.

"Hajiya, yau kin sha kambi," ya ce mata.

"Kambin lafiya? Ɗankwali ne. Ɗaga ƙafarka in share."

Likita bai ɓoye masa ba: idon hagu ya riga ya tafi, na dama kaɗai za a yi wa aiki. In aikin bai yi ba, shi ke nan.

Washegarin aikin Malam yana kwance da bandeji a fuska, yana ta yawo a kan duwatsun da bai taɓa takawa ba. Iska mai sanyi tana kaɗa shi, ko da yake fanka ce. Ya riga ya ware kalmar likkafanin nan ya ajiye, ko za a buƙace ta.

Nas ta ɓare filasta a hankali. Haske ya soke shi, ya runtse, ya sake buɗewa. Ga tsaga a bango. Ga ƙura a fiffiken fanka. Ga wata tsohuwa a bakin taga, farin gashi ya leƙo ta ƙasan ɗankwalinta, tana rungume da takalmansa.

"Baba, me kake gani?" in ji likita.

Malam ya laluba kalmominsa kaf. Duk na rufewa ne. Ashe bai taɓa koyar da ko ɗaya ta ranar da gajimare ya yaye ba.

"Hajiya," ya ce, "yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun kana ce mini tsauni." Ta matso kusa da shi. "Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To ungo, sa. Ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. Kai ka zaɓo abinka jiya."