Badon Tafkin Kirya

Madam Koubra ta yi shekara talatin tana koyar da kimiyya a Damagaram kafin ciwon gwiwa ya kawo ta garin Sabha, can ƙetaren hamada, wajen ɗanta mai garejin mota a unguwar Manshiya. Zaman banza bai karɓe ta ba. Shi ya sa duk Juma'a bayan la'asar take tara ɗalibai biyu, 'ya'yan 'yan Nijar da ke jami'a, Chamsia da Abdoul Latif, suna rubutu da Hausa kan ruwa da ƙasa da itatuwa a kundin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki.

Doka ɗaya ta kafa musu tun ranar farko: abin da ba a buga shi a littafi ko rahoto ba, ba ya shiga. "An ce da an ce," in ji ta, "ku bar wa masu shayi a bakin gareji."

To, makon nan aikin ya faɗo kan Tafkin Kirya, wanda ke bayan ƙauyen da aka haife ta. Rahoto ɗaya tak suka samu, na wasu masana da suka ratsa yankin da mota. Rahoton ya ce kududdufi ne na damina, ba ya kai watan Disamba. Haka Chamsia ta rubuta. Koubra ta karanta, ta ce a tashi.

Da Juma'a ta zagayo, Abdoul Latif ya shigo yana washe baki.

"Madam, yau sai kin sa mini albarka! Wani ya shiga shafinmu ranar Talata ya zuba tatsuniya. Wai tafkin yana kai bazara da ruwa, wai har bado ke fitowa, mata na shiga iya ƙirji suna cira. Babu hujja ko guda. Na share shi tas."

"Ka kyauta," ta ce.

"Ko wane ƙauye ya fito, oho."

"Ƙauyen Kirya. Ni ce wanin."

Chamsia ta toshe baki da mayafi. Abdoul Latif ya dubi ƙofa kamar mai auna nisanta.

"Zauna, sarkin shara. Ban ce ka yi laifi ba."

Ai ba ta manta dokarta ba ranar Talatar. Hannunta ne ya riga ta. Tana ganin kalmar kududdufi sai ta tuno yayarta Saratou tsaye cikin ruwa, zane ɗaure a ƙirji, tana lalubo bado da yatsun ƙafa, tana jefo mata a ƙwarya. Ruwan da sanyi, rana kuwa ta Maris ce, mai fasa kai. Shekara bakwai rabonta da gida. Saratou ta rasu bara, ta waya ta ji.

"Madam, mu mai da shi mana," in ji Chamsia. "Ke fa kin gani da idonki."

"Idona wa ya buga shi? A wane shafi?"

"To a sa sunanki."

"Gobe wata tsohuwa ta zo ta ce ta ga dorina a nan unguwar Tayuri, ita ma a sa sunanta? A'a, 'yata. Buɗe mini rahoton nan dai. Ba ƙarshensa ba, inda kowa ke zuwa ya kwasa. Farkonsa, inda suke faɗin ranar da suka je."

Chamsia ta yi ta jan shafi. Can ta tsaya.

"Afrilu, 1985. Kwana biyu suka yi."

Koubra ta yi 'yar dariya ta hanci. "Bayan babban fari ke nan. Shekarar da ko rijiyar liman sai da ta kafe. Mutum ya zo gidanku ranar makoki, ya tafi ya rubuta cewa ku ba ku iya dariya ba. Kuma shekara arba'in ana kwafe shi, don da faransanci ya faɗa."

Ta sa aka gyara jimlar. Yanzu ta ce: masanan da suka ziyarci wurin na kwana biyu a Afrilun 1985, bayan fari, sun same shi a bushe. Ko harafi ba su ƙara a kan abin da takarda ta ba su ba.

"Badon fa?" Abdoul Latif ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Bado ba shi da takarda. Kamar rabin mutanen garin nan da ba su da ta zama."

Sai ta ce a buɗe sabon sashe a ƙasa, a sa masa suna Tafkin kafin fari, a bar shi fayau, da 'yar sanarwar nan mai cewa ana neman wanda zai cike. Wataƙila akwai wani malamin gona da ya taɓa rubuta wani abu, yana can cikin kwali a Damagaram, gara na ci.

Chamsia ta aika. Farin wurin ya fito a allo, ƙarƙashin sunan. Koubra ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallonsa. Daga garejin da ke ƙasan benen ana jin ɗanta yana bugun ƙarfe.

"Madam," in ji Chamsia, "wai yaya ɗanɗanonsa yake?"

"Rufe na'urar tukuna," ta ce. "Wannan ba na ciki ba ne."