Allon Hawa na Uku

Auta ta shigo jami'a da sunan da ta yi a sakandare: yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Aka ba ta ɗaki a hawa na uku, inda sababbin ɗalibai goma sha biyu ke kwana tare, suna karatu tare, malamarsu kuma tana zaune a ɗakin ƙarshe.

A baranda akwai farin allo. Dokar wurin ita ce duk Laraba kowa ta rubuta abin da ba ta gane ba a aji. Abin ya ɗaure wa Auta kai, don a gidansu rashin sani ɓoye shi ake yi kamar yagaggen zane. Da ta ga tambayar Doguwa, abokiyar ɗakinta, a allon, sai ta goge don ta rufa mata asiri.

"Wa ya aike ki?" in ji Doguwa. "Amsa nake jira."

Mako uku Auta ba ta rubuta komai ba, alhali karatun wuce ta yake yi. Malamar ta tare ta a matakala, ta danƙa mata alƙalamin allo, ta wuce abinta.

Auta ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Tun ranar farko ban gane komai ba."

Da ta dawo daga aji, ta tarar an jera "ni ma" a ƙasa. Ta ƙirga sau biyu. Ban da ita, ɗalibai goma sha ɗaya ne, amma "ni ma" goma sha biyu. Ta juya tana kallon ƙofar ɗakin ƙarshe.