Jerin Duwatsun Inna Biba

Madam Sa'ida Jima na koyar da labarin ƙasa a kolej ɗin Ibohamane. Bana makarantar ta samu tablet shida, ajinta kuwa ɗalibi arba'in da bakwai ne. Ranar farko da ta miƙa musu ba tare da wani tsari ba, kokowa suka yi ta kallo har lokaci ya ƙare.

Sai ta sake dabara. Ranar Lahadi ta zauna ta zaɓi shafukan intanet uku a kan yadda aka farfaɗo da ƙasar Keita bayan babban farin nan na shekaru arba'in da suka wuce, ta rubuta tambayoyi biyar. Ran Litinin ta kasa ajin kashi shida. A kowane kashi wani na riƙe da tablet, wani na karantawa da ƙarfi, sauran na rubuta amsa a kaye, wato littafin rubutu.

Tambaya ta huɗu ta ce su nemo garinsu a hoton tauraron ɗan'adam. Rezon intanet ya yi ta ja musu rai, amma ba wanda ya tashi. Da hoton ya buɗe suka ga kwanon makarantarsu, suka ga kasuwa, can bisa tudu kuma ga wasu layuka a jere kamar kitso.

Hindatu Kalla, wadda tun shigowar shekara Madam ba ta ji muryarta ba, ta ɗaga hannu.

"Madam, wanga shafi ya yi kuskure. Ya ce injuna sunka yi layukan ga. Kakata ta ce su sunka ɗauko duwatsun bisa kai."

"To, shafi ya faɗi nashi, kaka ta faɗi nata," in ji Madam. "Ki gaishe min da ita, ki ce ina roƙon ta zo mu ji daga bakinta."

Ran Alhamis kakar Hindatu, Inna Biba, ta iso tana dogara sanda. Madam ta rusuna ta gaishe ta, ta ba ta kujerarta. Hindatu ta ajiye mata tablet a cinya. Tsohuwar ta daɗe tana dubawa ba ta gane komai ba.

"Wa ya hau sama ya ɗauko wanga?" ta tambaya.

Aka yi mata bayani, aka nuna mata inda ƙoramar garin ta karya. Daga nan ta kama hanya da kanta. Ta ɗora yatsa, hoton ya zame, ta janye hannu da sauri, ajin ya yi dariya, ita ma ta yi.

"Wanga layi namu na, ni da Takawa, Allah ya jiƙanta. Wancan na matan Mu'awiya na. Ba su iya jeri ba, kun ga ya karkace."

Wani ɗalibi ya ce, "Inna, ke nan babu injin?"

"Akwai, ɗana. Tarakta ta zo ta farka fako, don gatari bai kama shi. Amma dutsi mu munka ɗauka. Mazan duk sun tahi biɗar kuɗi, sai mu da gammo da goyo."

Madam ta juya ga ajin. "Kun ji. Shafin bai yi ƙarya ba, rabi ya faɗa. Ku gyara amsarku, ku rubuta inda kuka samo kowane rabi."

Hindatu ce ta fita tablo, wato babban allon aji. Kakarta na kiran sunayen matan da suka yi aikin, tana rubutawa. Kafin a kai na ashirin, ɗalibai huɗu sun ji sunan kakanninsu, ɗaya ta ce a gyara, tata Raihana ce ba Rahina ba. Madam ta koma bencin baya ta zauna tana kallo, ranta fari.

Aka buga ƙararrawa. Mushe Nazir, malamin lissafi, ya zo bakin ƙofa da alli a hannu. Inna Biba ba ta ko gan shi ba, tana ce wa Hindatu ta ƙaro girman wasu itatuwa da ke gindin tudu, tana so ta ga ko bagaruwar da suka dasa ce ta kai haka. Madam ta yunƙura za ta ba shi haƙuri, ya yi mata alama ta zauna. Ya sa allin a aljihu, ya leƙa ta kafaɗar wani ɗalibi ya tambaye shi ko hoton na kaiwa har Karofane, garinsu.