Sha Uku da Rabin Inci

Minti arba'in Garth Pengilly ya yi a tsaye gaban kanta guda a shagon kayan aiki na garin Kadina, akwatin sifana ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya kasa ajiye ko wanne. Ranar Asabar ce, gobe Ranar Uba, ranar da ake ba iyaye maza kyauta, kuma tsakaninsa da gida kilomita saba'in.

Akwatunan kamar tagwaye suke. Kowanne sifana goma sha biyu, irin mai ƙaras-ƙaras ɗin nan da idan ka ɗora ta a kan noti ba sai ka cire ka sake ɗorawa ba: ka ja gaba ta kama, ka mayar baya ta saki. Bambancinsu ɗaya ne tak. Na dama awonsa milimita, na hagu inci.

Motar Garth milimita ce. Famfon tankin ruwan gidansa milimita, injin yankan ciyawa milimita. Amma ba don kansa ya zo ba. A-kori-kurar mahaifinsa Merv an ƙera ta tun kafin ƙasar ta koma milimita, duk notin da ke jikinta na inci ne.

Wata huɗu ke nan motar ba ta tashi ba. Kik ɗinta, abin da ke tayar da inji, ya mutu. Sabon yana cikin kwali a gareji, noti ɗaya ne ya hana a saka shi. Notin yana wani lungu bayan inji inda sifana ba ta samun filin juyawa, sai ka cire ka mayar sau talatin, ga shi sanyin ƙashi ya tanƙwara yatsun Merv a shekara saba'in da tara. Ya kuma rantse babu mai taɓa masa mota. Noelene, yayar Garth, ta gaji da tarar da tsoho kwance a kan siminti mai sanyi. Ta samo mai saye a birnin Adelaide, ta matsa har ya yi alkawari: in bai canja kik ɗin da hannunsa zuwa Ranar Uba ba, mota ta tafi.

"Ɗan Merv, haya za ka fara biya a wurin nan ne?"

Glenys ce mai shagon, wadda ta san shi tun yana yawo da gajeren wando.

"Tunani nake yi, Anti Glenys."

"Da tunani ake kwance noti? Motar wa za a gyara?"

"Ta Baba."

"To me ya kawo na dama hannunka? Ajiye shi ka biya, ina son rufewa."

"Ai sifanar milimita sha uku tana hawa notin rabin inci."

"Tana hawa mana. Ni ma takalmin mijina yana shiga ƙafata, amma ban taɓa gudu da shi ba."

"Bambancin bai kai kaurin farce ba fa."

"Kama da wane ba wane ba ne. Notin ubanka ya girme ka, kuma tsatsa ta ci rabonta."

Ta koma wajen wani mai neman fenti, ta bar shi da haushinsa. Sayen duka biyun ya fi ƙarfin aljihunsa, wannan kam ba musu. Abin da ke cin sa daban ne, kuma bai so ya kalle shi ido da ido. Duk abin da ke garejin Merv wata rana nasa ne. Akwatin inci noti ɗaya zai kwance, sannan ya kwanta a kan kanta ya jira jana'iza. Na milimita kuwa kyauta ce da ta san hanyar gida.

Ya ce wa kansa wannan hankali ne. Ya ce wa kansa sau nawa ya ga an kwance rabin inci da sha uku lafiya ƙalau. Daga ƙarshe ya faɗi abin da kowa a yankin yake faɗa idan katanga ta karkace ko taya ta suɗe: za ta yi.

Glenys ta dubi akwatin milimitar da ya ajiye mata, ta dube shi.

"Ka gaida Merv," in ji ta. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

A mota ya yage takardar da ke naɗe da akwatin, mai ɗauke da manyan lambobi, ya cusa ta ƙarƙashin kujera.

Washegari da hantsi Noelene tana farfajiyar gidan Merv tana gasa haƙarƙarin rago, hayaƙi yana shigowa gareji. Merv ya buɗe akwatin a kan bencin aiki. Ya ɗauki sifana ɗaya, ya murza bakinta da babban yatsa, ta yi ƙaras-ƙaras.

"Kayan ragwaye," in ji shi. Amma ya sake murzawa, ya kai ta kunne. "Ina tabaraun nan nawa? Waɗannan lambobin sai ka ce kashin ƙuda. Na inci ne dai ko?"

"Za su yi, Baba."

"To madalla."

Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya kwanta a kan tsohon kwali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan kafaɗa. Garth ya miƙa hannu, aka bige hannun. Tun Garth yana makaranta tsarinsu ɗaya ne: Merv a ƙasa yana kiran awo, Garth a tsugune yana miƙawa.

"Rabin inci."

Garth ya miƙa sha uku.

Sannan ƙarfe ya goga ƙarfe.

"Ta hau?"

"Ta hau. Rufe mini baki."

Merv ya ja. Garth ya ga dugadugansa sun dafe siminti. Ya sake ja. A ja na uku aka ji wata ƙara mai laushi, ba ƙarar noti da ya saki ba, sannan hannu ya bugi ƙarfe, tsoho ya auno ashar. Ya sake ɗorawa, ta zame. Ya sake, ta zame, yanzu ma ba ta ko yi gardama ba.

"Baba, dakata..."

"Na ce ka rufe mini baki!"

Sau biyu ya ƙara gwadawa. Daga nan ƙafafun suka daina motsi. Da ya jawo jikinsa waje, bayan yatsunsa biyu sun saɓule, jini yana bin tsagar fata. Bai tashi ba. Ya zauna a kan kwalin ya jingina da taya, yana kallon hannun kamar na aro.

"Kan notin ya cinye," in ji shi. "Ya zama kamar ƙwallo. Shekara sittin ina riƙe sifana ban taɓa cinye kan noti ba. Ban ɗora ta daidai ba ne. Ba na jin ta a yatsuna." Ya buɗe hannun ya rufe. "Sun gama, Garth."

Noelene tana bakin ƙofa da cokali mai yatsu a hannu. Ba a san tun yaushe take tsaye ba.

"Haba Baba," ta ce a hankali. "Ka yi iya yinka. Bari in ɗauko filasta."

"Ki kira mutumin naki na Adelaide. Ki ce ya zo da tirela."

Ta dubi Garth, dubawar nan ta kada ka kuskura ka ce komai. Ta juya ta nufi cikin gida.

Garth ya tsaya da murfin akwatin a hannu. Shiru ya fi sauƙi ga kowa, wannan a fili yake. Noelene ta samu abin da take so, kuma ba mugunta take nufi ba. Simintin nan zai iya kwantar da tsoho a asibiti kafin bazara. Mota za ta samu wanda zai wanke ta duk Lahadi. Shi kuma babu mai sanin abin da ya yi sai Glenys. Idan ƙarya ta haifi alheri, wa ta cuta? Ya juya tambayar ta kowace fuska, kamar yadda ya juya akwatunan jiya, kuma duk inda ya juya sai ya ga tsoho yana buɗe hannu yana rufewa.

"Baba, sha uku ce."

"Me?"

"Sifanar. Milimita sha uku ce, ba rabin inci ba. Duk akwatin milimita ne."

Merv ya ɗago kai a hankali. Ya lalubo sifanar a ƙasa, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido.

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Ka ce za su yi."

"Na ce."

"Shagon ba su da na inci?"

"Suna da shi. Na riƙe shi ma a hannuna."

"To don me?"

Garth ya dubi bango inda tsofaffin sifanu ke rataye, kowace a kan ƙusarta.

"Motata milimita ce," in ji shi.

Tsohon ya gama lissafin da kansa. Sai jini ya hau masa fuska.

"Au! Gado ka sayo wa kanka ka ba ni ajiya? Ɗan banza! Ina raye kana auna garejina! Ka sa mini milimita a mota, ka tsaya kana kallona ina zagin hannuna? Shekara arba'in da bakwai, ba ka san sha uku daga rabin inci ba!"

"Na sani, Baba."

"Shi ya fi muni ai!"

Noelene ta shigo da filasta da waya. "Me kuma ya faru? Har titi ana jin ku."

"Ajiye wayar nan. Ƙaninki ne ya lalata mini noti."

Ta juya kan Garth. "Kai dai ba ka iya rufe bakinka ba? Magana ta ƙare lafiya, sai da ka tono ta. Baba, alkawari dai alkawari ne. Yau Ranar Uba."

"Alkawarin, da hannuna aka yi shi, ba da wautar wannan ba. Hannuna ba a gwada shi ba tukuna."

"To sai yaushe? Sai wata huɗun kuma?"

"Tambayi mai milimita."

Ta jefa wa Garth filastar a ƙirji ta fita. Warin nama mai ƙonewa ya cika garejin.

Merv ya nuna bango da haɓa. "Ɗauko magagarin can, ƙaramin. Shiga ƙasa. Za ka goge kan notin nan har ya yi fuska biyu da ƙarfe zai kama. Gogewa kawai. Ka kwance shi in karya maka hannu, ni zan kwance abina."

"A lungun nan? Zai ci yini guda."

"Kana da wani wurin zuwa? Gobe kuma ka koma Kadina ka sayo na inci."

"Wannan fa? In mayar?"

"Ka yage masa takarda, wa zai karɓa? Kuma kyauta ce, ai ka ba ni." Merv ya jawo akwatin ya rufe, ya ɗora tafin hannu a kai. "Zan rubuta wa Noelene shi a wasiyya."

Garth ya kwanta a kan kwalin. Sanyin siminti ya ratsa rigarsa nan take. Ya cusa hannu bayan inji har ya taɓa notin, sumul kamar dutsen rafi, kuma magagarin bai samu filin motsi ba sai kamar tsawon farce. Ya fara gogawa. Garin tsatsa yana zubo masa a ido.

"Ba na jin komai," in ji Merv daga sama.

"Ina yi, Baba."

"Yi da kyau. Kada in ji ka ce za ta yi."