Tuwon da Salamatu Ke Zubarwa

A Kalfu, inda aka yanke mana cibiya ni da Salamatu, ban taɓa ganin an zubar da abinci ba. Ba wai mun fi kowa tsoron Allah ba ne, abin zubarwar ne babu. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Ƙanzo a kankare shi a shanya, ranar da hatsi ya yi wuya a jiƙa da nono. Ƙasarin wankin gero na akuya ne, dusa ta tunkiya. Abin da ya tsira daga bakin mutum da na dabba, wato toka da shara da kashin awaki, shi ke zuwa juji a bayan gida. In bazara ta yi sai baba ya aza wa jaki mangala, mu bi shi gona, kowane ramin tassa, wato ɗan ramin shuka, a zuba masa tafi guda na taki. Har yau in ruwan farko ya taɓa juji na ji wannan warin, sai in ji kamar in waiwaya in ga baba yana kora jakinsa.

Uwar Salamatu, Inna Raƙiya, ta fi duk matan garin tsanani. Ƙwayar gero ta faɗi a gindin turmi, sai ta sa ki durƙusa ki tsince ta, tana cewa hatsi yana kai ƙara wurin Allah. Mun sha ranƙwashinta tare, ni da ɗiyarta, ba ta bambantawa.

Aure ya kawo mu Tawa, ya ajiye mu a layi ɗaya, can ƙarshen gari ta hanyar Affala, inda kowace ƙaya take sanye da leda. Mazajenmu suka riga mu gidan gaskiya. Ni na rage da ɗan abin da nake samu a sayar da ƙuli-ƙuli, ita ta rage da ɗanta guda, Idrisa, wanda ya tafi Libiya biɗa, wato neman kuɗi, kamar yadda samarin Adar suke yi. Shekarun farko ya yi abin kirki: ya sa mata ƙofar ƙarfe, ya saya mata akuya. Ba ta da wata dukiya da ta wuce a ce “uwar Idrisa” ta amsa. A wurinmu kuwa babu sunan da ya kai muni kamar a ce ɗa ya tafi biɗa ya manta uwarsa. Abin da ba mu sani ba shi ne, aike ya tsaya tun bara, wayarsa ma ta daina shiga. Salamatu ba ta gaya wa kowa ba, har da ni.

Ana cikin haka sai ga porje, irin aikin nan na ƙungiyoyin taimako. Wani saurayi mai suna Abdulrahim ya tara mu a ƙarƙashin iccen dogon yaro, da takardu a hammata, ya ce sun zo su koya mana yadda za mu rage zubar da abinci. Ni dai bakina ba shi da linzami.

Na ce, “Ɗana, wa ag gaya maka muna da na zubarwa? Ka yi ɓatan kai, ka koma cikin gari wajen masu etaj, masu kwana bisa bene.”

Mata suka kwashe da dariya. Yaron yana da hankali, shi ma ya yi dariyar. Ya ce to, mu kawo abin da ko akuya ta ƙi. Aka raba wa kowane gida koren bokiti, aka gina ramuka uku a wani fili kusa da famfo. A shimfiɗa busasshiyar shara, a zuba ɗanya, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a rufe da tsofaffin tabarmi. Duk sati biyu a juya. In ya nuna, a kai garkar mata inda muka shuka zogale da albasa da sure, wato yakuwa, a raba amfanin gida-gida. Da ya ga ina gyara masa hannu wajen yayyafin ruwa, sai ya naɗa ni shugabar rami. Na yi ta mita a baki, amma cikina fari tas. Shekara talatin ban taɓa aikin da ya mayar da ni Kalfu kamar wannan ba.

Kuskurenmu guda ne. Saboda leda da tsofaffin batura da ke shiga shara, muka ce kowace mace ta juye bokitinta a bakin rami da safe, a tsince tare kafin a tura ciki. Abdulrahim ya ga tsabta ce. Bai san ya buɗe mana tukunyar kowa a bainar jama'a ba.

“Iye, gidan su Safi an sha kankana jiya.”

“Jannatu, ɓawon ƙwai kwana ukku a jere? Allah shi ba mu irin mijinki.”

Wasa ne, kuma mun ji daɗinsa. Wata safiya Safi, wadda ba ta kai ta haifi Idrisa ba balle ta san nauyin magana, ta leƙa bokitin Salamatu ta ce, “Inna, naki kullum toka da kashin akuya. Halama Idrisa bai aiko ba watanga?”

Ba da mugunta ta faɗa ba. Salamatu ta yi dariya, ta kakkaɓe bokitinta ta tafi.

Washegari da ta juye, sai ga malmalar tuwo ta mirgino daga cikin toka. Na ji jinina ya hau har ka.

Na ce, “Salamatu, ke ta kuwa? Ɗiyar Inna Raƙiya? Tuwo cikin shara?”

Ta ce, “Ya yi min yawa, Zalika. Ni ɗaya ta cikin gida, yaronga kuwa ba shi jin magana, buhu-buhu yaka aikowa.”

“Ki yi ɗumame mana.”

“Ɗumame ƙwarnafi yaka sa ni yanzu.”

Mata suka ɗauki guɗa, ana cewa uwar ɗan Libiya ta wuce ɗumame. Ni kuwa na wanke ta tas, na kira ta mai almubazzaranci, na ce da uwarta za ta leƙo ta gani da ta sake mutuwa. Tana tsaye tana murmushi, murmushin ya ƙara ƙona mini rai. Jibi ma haka, gata ma haka. Kullum malmala guda, kullum ni da faɗa.

A layinmu akwai al'adar kwano. Duk wadda ta sauke tukunya da marece takan zuba kaɗan ta aika wa tsofaffin da suke su kaɗai. Ba sadaka ake kiransa ba, cewa ake “ki ɗanɗana mini gishiri.” Salamatu tana samun kwano biyu ko uku a yini. To wa zai aika wa mai zubar da tuwo? Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ni ma na janye nawa, don haushi. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

An yi wajen sati shida a haka. Ranar juya rami, bayan mata sun watse, na tsaya ni kaɗai da shebur. Malmalar ranar tana gefe, na ɗauka don in farfasa ta saboda ta yi saurin ruɓewa. Sai na tsaya ina kallonta. Ragowar tuwo tana da alamar yatsu, tana da dabbaren miya a gefe. Wannan kuwa sumul take, ba a taɓa gutsurarta ba. Kuma ƴar ƙarama ce, ba ta kai rabin wadda Salamatu ta saba kwasowa da mara ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: wannan tuwon wadda take auna gari da tafin hannu ne. Sai na tuna yadda take ninka bakin zanenta sau biyu kwanan nan, na tuna kuma na kwana biyu ban ji kukan akuyarta ba.

Ko hannu ban wanke ba na nufi gidanta. Na tura ƙofar ƙarfen ba sallama. Tana zaune a inuwar ɗaki da ƙwarya a cinya, tana cin dafaffen ganyen sure ba mai ba ƙuli, sai gishiri. Turken akuya babu komai, an sayar da ita. Kashin da take sa wa a bokiti ashe na awakin maƙwabta ne take sharowa a bakin layi. Na shiga ɗaki na buɗe randar gari, na ga gindinta.

Na fito na zauna a ƙasa. Can ta ajiye ƙwaryar.

“Kin gani ke nan,” in ji ta.

“Tun yaushe?”

“Shekara ɗaya da wata huɗu ban ji muryatai ba.” Ta gyara ɗaurin kallabi. “Malmala biyu nika yi. In ci ɗaya da dare, ɗaya ta bokiti. Kullum sai na yi istigfari kahin in aza ta cikin tokar. Ina ganin huskar Inna, Zalika, kada ki zaci ba ni ganinta.”

Na fashe da kuka, ina kukan ina faɗa, don ni ban iya ɗaya ba sai da ɗayan. Na ce mata wawiya, na ce yunwa za ta kashe ta a kan maganar yarinya ƙarama. Na ce gobe zan tara mata in faɗi gaskiya, kwano ya dawo.

Ta kama hannuna, ta matse da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

“In kin hwaɗi, mi za su ce da Idrisa? Ko shina da rai, ko shina kurkuku, ko rairayi ya cinye shi, ban sani ba. Ba shi nan balle shi kare kainai. Ni ɗai ar rage mishi. In bari a zage shi don in ci tuwo?”

“To ki bar zubarwa.”

“In na bari yau, za su gane na jiya ƙarya ta.”

Na haƙura da gardama, abin da bai cika faruwa da ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da safe na tari Abdulrahim na ce masa ƙudaje sun yi yawa, a samo wa bokitai marufi. Na ce kuma tsofaffi ƙafafunsu sun gaji, ni zan riƙa karɓo nasu tun da asuba in tsince in juye kafin rana ta yi zafi. Ya yaba mini ƙwarai, har ya rubuta a takardarsa. Tsofaffi huɗu na haɗa, don kada a ce na ware mutum guda.

Daga ranar tuwo bai sake shiga rami ba. Bokitin Salamatu toka ce zalla. Amma in mata sun taru suna tsintar leda, sai in dafa ƙugu in fara.

“Yau ma ƙawarku ta yi halin nata. Malmala biyu, wallahi, har da miya. Na tura su can ƙasa don kada idona shi ƙara gani.”

Rantsuwar ce kawai na daina bayan kwana biyu, don na ji tsoronta. Sauran kuwa na ƙware. Wata rana in ce shinkafa, wata rana in ce taliya. Mata su yi ta salati suna dariya, wasu na cewa Allah ya ba su ɗa irin Idrisa. Da marece sai in raba abin da na dafa biyu, in rufa mayafi a kan kwano, in shiga gidanta kamar na je yi mata faɗa. Mu ci tare. Ranar da aka raba zogalen garka sai mu yi kwaɗo, in zuba ƙuli-ƙulin da bai sayu ba, mu yi ta hirar Kalfu: rijiyar da muke ja mu biyu, da jakin baba mai cizo, da ranar da Inna Raƙiya ta bi mu da muciya har bakin masallaci. Wani lokaci ta tambaye ni, “Yau mi na zubar?” In gaya mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce na cika ƙari.

Ba mu ƙoshi sosai ba, ni da ita, amma ba mu kwana da yunwa ba. Shekara biyu muka yi a haka, kuma ban yi wasu shekaru masu daɗinsu ba tun da na baro gida.

Ta rasu bayan girbi, zazzaɓin kwana huɗu. Ba a ji ɗuriyar Idrisa ba, har yau kuma ba a ji ba. Na ce wa masu tambaya hanya ce ta rufe a can arewa. Bayan maza sun dawo daga kai ta, muna zaune a tsakar gidanta bisa tabarmi, sai Jannatu ta yi ajiyar zuciya.

“Mace ta gari,” in ji ta. “Aibinta guda, zubar da abinci. Allah shi gafarta mata wannan.”

Aka ce amin. Safi ta share ido ta ce, “Amma dai ta ci ta ƙoshi har ta zubar. Ɗa ya yi mata rana.” Sai ta juyo wurina. “Ko ba haka ba, Inna Zalika? Ke kika ɗaukar bokitinta.”

Duk suka zuba mini ido. Ina so su san wace ce suka zauna da ita layi ɗaya.

Na ce, “Haka na. Ban taɓa ganin ɗan da ya riƙe uwatai kamar Idrisa ba.”