Zuciyar Sarauniya a Kwandon Kabeji

Baron Hellring ne ya sa aka tsaga ƙirjin Sarauniya Ottilie, kuma shi ne ya hana zuciyarta wurin kwanciya. Wanda ya ce ƙarya ne, ya zo ya faɗa a gaban Gesche in ya isa.

Gesche ce ta biyo Ottilie daga garinsu na bakin teku, can arewa, ranar da aka kawo ta amarya. A kogin iyaka aka raba yarinyar da duk abin da ta zo da shi daga gida, har safar ƙafarta, aka mayar da barorinta. Gesche kaɗai aka bari, don ba wanda ya iya taje gashin nan mai taurin kai. Abu guda Ottilie ta ƙi saki, cocin iyayenta na ɗariƙar Luta, alhali gidan mijin Katolika ne kaka da kakanni. Ta haifa musu 'ya'ya biyar, ta binne biyu, sauran kuwa da an yaye su sai a ɗauke a miƙa wa malaman cocin uba. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Gesche ce mai ɗaga mata.

A gidan nan, in jinin sarauta ya mutu, likitoci kan cire zuciyarsa su sa a battar azurfa, a hau da ita ƙaramin cocin kan tudu a ajiye a alkuki. Ta marigayi sarki tana can, ga alkuki a gefenta da shi da bakinsa ya ce a bar wa matarsa. Da Ottilie ta cika, Gesche ta tare ƙofar ɗaki ta ce su a garinsu da cikarsa ake binne mutum. Baron, mai riƙe da al'amuran fada, ya ce al'ada al'ada ce, ya sa dogarai suka janye ta. Aka yi aikin. Sai bayan an rufe kabari mutumin nan ya tuna, wai ashe 'yar Luta ba ta shiga cocin kan tudu. Aka kai battar ɗakin ajiyar likita, aka ɗora a kan wata kanta tsakanin kwalaben maganin tari.

Gesche ta sami Baron yana karin kumallo, bakinsa duk maiƙon tsiran alade.

"Yallaɓai, tun da kun san ba za ku ajiye ba, me ya sa kuka yanka?"

Ya ce maganar tana hannun manyan coci, ba ta tsofaffin mata ba ce, ta je ta ci gaba da saƙarta.

"Saƙar zan yi," in ji ta. "Likkafaninka nake son farawa, faɗinka ne dai zai cinye mini zare."

Daga nan ta wuce wurin sabon sarki, Eberhard, ɗan farin Ottilie, wanda ita Gesche ta yi rainonsa kafin a yaye shi. Ta durƙusa kamar kowa, ta ce ranka ya daɗe kamar kowa. Ya yi ta kewaye-kewaye yana kallon taga: bai daɗe da hawa ba, malaman coci ba abin taɓawa ba ne, a bari ƙura ta lafa. Sai ta miƙe ba tare da an ce ta miƙe ba.

"Ebbe, ni na share maka majina. A ƙarƙashin zuciyar nan ka kwanta tun ba ka san akwai wani abu wai shi coci ba."

Ya kira bara ya ce a ba Baba Gesche miya mai zafi, a raka ta.

Ba ta sha ba. Ranar kasuwa, da rana tsaka, ta shiga ɗakin ajiyar ta ɗauko battar, ta sa a kwando ta rufe da ganyen kabeji. Wa ke kallon tsohuwa da kwando? Ta hau tudun nan cikin dusar ƙanƙara, gwiwoyinta na kuka, ta iske limamin cocin a bakin ƙofa. Tsoho ne mai tsoro, ba mugu ba. Ya rantse an hana shi buɗewa. Ta ce to, ya riƙe makullinsa, amma ya nuna mata daga waje daidai inda alkukin sarki yake. Ya je ya dafa bangon, ya juya baya.

Ta ari fartanya wurin mai haƙan kabari. Ƙasa ta daskare kamar dutse, tana sara tana hutawa, har tafin hannunta ya fashe. Matan da suka hau yin addu'a suka tambaye ta abin da take binnewa, ta ɗaga ganyen ta nuna musu. 'Yan Katolika ne dukansu, amma wata ta karɓi fartanyar, wata ta shimfiɗa ɗankwalinta a ramin. Nan zuciyar ta kwanta, bango kaɗai tsakaninta da ta mijinta.

Ba wanda ya yi ƙarfin halin tonewa, don kullum da kyandir a wurin. Sai mutanen fada suka huce a kan Gesche. Suka ce ta saci azurfar fada, suka watso mata kayanta waje. Yanzu tana kwana a ɗakin wata mai wankau a bayan kasuwa, hannun bai warke ba, kuma kowace Lahadi sai ta hau tudun.

To, Baron bara ne, abin da aka bar shi ya yi shi ya yi. Eberhard muke kira. Ya fito gaban jama'a ya faɗa mana: uwarsa 'yar gidan nan ce ko baƙuwa? In baƙuwa ce, wa ya ba su izinin yanka ta? In 'yar gida ce, ya buɗe ƙofar nan, ya wanke sunan Gesche da bakinsa.