Mai Tafa wa Baturiya

Marka ta rasu a shekarar sanƙarau, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ta bar wa mijinta Mati 'ya guda, Baturiya. Duk ƙauyukan Maguzawan da ke kewaye da Ƙarfi ba a yi mai rawa kamar Marka ba. Tun da aka binne ta Mati bai ƙara leƙa wurin kiɗa ba. Ko daga nesa ya jiyo ganga, sai ya saɓi fartanya ya yi gona.

Da kaka ta ƙarato, tsohuwa Tasalla ta fara tara ƙananan 'yan mata a gindin tsamiya da la'asar, tana koya musu rawar kalankuwa, bikin ƙarshen girbi. Kowace yarinya da uwarta take zuwa. Uwar ce ke ɗaura mata akayau a ƙafa, ta zauna gefe tana tafa mata. Baturiya kuwa ita kaɗai take zuwa, ita ke ɗaura wa kanta.

Wata rana Mati yana cirar auduga sai ga Tasalla, tana dogara sanda.

"Mati, 'yarka ba ni take bi ba."

"Rashin kunya ta yi miki, Gwaggo?"

"Ina ma shi ne. Akwai wani taku da take yi, ta ja ƙafar hagu ta karkace kafaɗa. Ban koya mata ba. Takun Marka ne. Kuma in tana rawa ba ta duban kowa sai saiwar tsamiya, inda babu mutum. Na tambaye ta, ta ce innarta ce zaune tana tafa mata."

Mati ya ajiye audugar da ke hannunsa. Ya ce, "A kira mai magani?"

"Ba magani take so ba. Ka duba yadda ta rame. Yarinya ba ta rawa sai da mai kallonta. Ta duba cikin masu rai ba ta sami kowa ba. Gobe ka zo."

"Ni namiji, cikin mata?"

Tasalla ta juya ta tafi.

Washegari ya je. Mata suka yi ta zungurin juna. Baturiya ta shiga fili, ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta ja ƙafar nan ta karkace kafaɗa, Mati ya ga matarsa sak, har yadda take cije leɓe. Ya lura kuma ƙafar yarinyar ba ta tafiya da tafin matan. Wani tafi take bi, wanda ita kaɗai ke ji.

Ya tashi ya nufi saiwar tsamiyar. Rana na dukan wurin, amma da ya zauna sai ya ji shi da sanyi kamar gindin randa. Ya ɗaga hannuwansa masu kanta ya fara tafi. Bai iya ba. Wata mata ta tuntsire da dariya, Tasalla ta harare ta.

Baturiya ta rikice. Ƙafa ɗaya ta bi nasa, ɗaya ta bi wancan, ta faɗi. Ta ɗago tana huci.

"Baba, ka zauna mata a wuri!"

"Na sani," in ji Mati. "Tashi ki yi mini. Ban taɓa ganin taki ba."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta tashi.

Daga ranar, kullum rana ta karkata sai ya bar audugar, ko da motar da ke kai ta Funtua na jiran kaya. Ya koyi ɗaura akayau yadda ba zai ci mata ƙafa ba. Tasalla ta riƙa bugun hannunsa da sanda har tafinsa ya daidaita. Maza suka sa masa suna Uwar Baturiya, ya amsa. Yarinyar ta koma cin tuwo, kumatunta suka dawo.

Ana saura kaɗan kalankuwa, suna komawa gida, sai ta tsaya a kan hanya.

"Baba, yau Inna ba ta zo ba."

Ya tsuguna gabanta. Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar. Shi ma bai ɓoye nasa ba.

Ranar biki ta yi rawa tare da tsaranta, rawar yarinya mai kyau, tana kuskure tana dariya, idonta a kan ubanta. Mati ya yi ta jiran ta ja ƙafar hagu. Ba ta ja ba, ba ta kuma ƙara ja ba har ta girma ta yi aure a Dayi.

Ya san daidai ya yi. Duk da haka, har ya tsufa bai bar tambayar kansa ba, ko Marka tafiya ta yi da son ranta, ko shi ne ya kore ta.